Bututun da Ya Sha Tsamiya

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni ne makanikin injin sanyi a wani kamfanin sayar da kifin ƙanƙara da ke bayan Unguwar Sarki, a Kaduna. Kamfanin ba wani babba ba ne. Ɗakin sanyi ɗaya gare mu, amma ɗaki ne da tirela guda za ta juye kayanta a ciki har a sami wurin wucewa. Aikina ɗaya ne, kada ɗakin nan ya yi ɗumi. In ya yi ɗumi na kwana biyu kifi ya saki, to hancin mutanen unguwa zai gaya musu makaniki ya gaza tun kafin manaja ya ji labari.

Ga wanda bai san aikin ba, abin ba wuya. Akwai inji a bayan gini, shi ke tura gas ta cikin bututun jan ƙarfe zuwa ɗakin. Gas ɗin ya kwashe zafin ɗaki, ya komo wa injin ta wani bututu mai kaurin rake. Wannan na dawowar sanyi gare shi ƙwarai, har ƙanƙara yake yi a jikinsa, shi ya sa ake naɗe shi da baƙin soso. Muddin gas na cikin bututu, kowa lafiya. In ya sami kafa, ko da ta kai tsinin allura ce, zai riƙa sulalewa a hankali har ɗaki ya daina sanyi.

A lokacin ina ji da kaina, ba zan ɓoye ba. Na baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna ina saurayi, na shekara goma sha ɗaya ina haɗa bututu da walda, kuma ban taɓa komawa kan haɗin da na yi ba. Mutumin da ya koya mini aiki mafaɗaci ne. In ka yi haɗi bai yi masa ba, ba ya magana, guduma kawai yake ɗauka ya fasa, ya miƙo maka wani bututun. A hannunsa na koyi aiki, a hannunsa kuma na koyi saurin fushi, duka biyun na riƙe su da kyau. Da hannuna na shimfiɗa bututun kamfanin nan lokacin da aka kafa injin, saboda haka kowane haɗi na san shi.

Cikin ma'aikatanmu akwai wani dattijo Basakkwace da ke riƙe da sikeli, shi ke auna wa matan kasuwa kifi. Kowa Baba yake ce masa. Daga Rigasa yake zuwa a kan keke kullum, kuma ban taɓa riga shi isowa ba. Mutum ne mai tsabta da tattali, ko igiyar kwali ya gani a ƙasa sai ya ɗauka ya naɗe ya ajiye. Yana azumin Litinin da Alhamis duk shekara. Da yake ba ma rufewa sai an yi magariba, a ranakun nan a wurin aiki yake shan ruwa, kuma abin shansa ɗaya ne, ruwan tsamiya da sukari da citta, mai sanyi har haƙori ya amsa. Kullum sai ya cika kofi ya miƙo mini.

"Injiniya, zo ka sha ruwa."

"Baba, ni da na ci shinkafa da wake da rana?"

"To mi? Maƙogwaro dai ɗaya na. Amshi."

Ni Kirista ne, ba azumin nake yi ba, amma ba kunya nake karɓa in shanye, wani lokaci har in miƙa kofi a ƙara. Ban taɓa tambayar inda yake samun sanyin nan ba. Na san dai ba a ɗakin sanyi ba ne, don manaja ya hana a sa komai a ciki ban da kifi, kuma ko bai hana ba, duk abin da ya shiga ɗakin nan da ƙarni yake fitowa. Na ɗauka ƙanƙara yake saye a bakin titi.

Yoyon farko ya zo ne bayan ɗaukewar damina. Na duba geji, wato ma'aunin gas, da safe na ga allura ta sauka. Na kaɗa ruwan sabulu na bi haɗe-haɗe ina shafawa, don inda gas ke fita nan kumfa ke tashi. Na same shi a gwiwar bututu, wato inda ya fito daga wani lungu ya karya ya nufi inji. Tsaga ce siririya, dab da waldar da na yi da hannuna. Na ji ba daɗi, amma na ce tsautsayi ne. Na gyara, na cika gas, na manta.

Bayan wata uku gwiwar nan ta sake tsagewa, a gefen sabuwar waldar. Wannan karon a ƙarshen mako abin ya faru, kafin mu farga kwalayen da ke kusa da ƙofa sun fara laushi. Manajanmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum mai babbar riga da tabarau, wanda ya yarda cewa duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ya kira ni ofis, ya tura mini takarda a kan tebur.

"Wannan gargaɗi ne," ya ce. "Wuri ɗaya, hannu ɗaya, sau biyu. Ban san aikinku ba, amma na iya ƙirga. In aka yi na uku ba gargaɗi zan rubuta ba."

Ban yi gardama ba. Gaskiya ya faɗa. Wuri ɗaya ne, kuma hannuna ne.

Daga ranar nan wani abu ya same ni da ban gaya wa kowa ba. In na kunna wutar walda na kusanto bututu, sai hannuna na dama ya kama rawa. Ba sosai ba, amma ni ina gani. Na fara tunanin ko idona ne ya fara tafiya, ko kuwa dama can ban iya ba, sa'a ce ta yi ta raka ni shekara goma sha ɗaya yanzu ta gaji. Korar ma ba ta dame ni kamar dalilinta ba. Makanikan sanyi a Kaduna a lokacin ba mu da yawa, duk mun san juna. Wanda aka kora don waldarsa ba ta riƙe gas, ko firjin gida ba mai sake kawo masa.

Matata, wadda ke koyarwa a firamare kusa da gidanmu a Unguwar Kanawa, ita ta fara lura. Wata rana ina shan shayi ta tsura wa hannuna ido.

"Baban yara, me ke damun hannun nan?"

"Ba komai. Gajiya ce."

"Gajiyar da ke zuwa hannu ɗaya kawai?"

Na yi mata tsawa a banza, na fita ban gama shayin ba. Ba ta sake tambaya ba, amma na ji ta da asuba tana ambaton hannuna a cikin addu'a, abin ya ƙara ba ni haushi da kunya.

A shekarar azumin watan Ramalana ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda ya san Kaduna kafin saukar ruwan farko ya san irin zafin da nake nufi. Masu ɗaukar kaya su shiga ɗakin sanyi su fito cikin rana, leɓunansu a bushe, ba mai iya ko dogon zance. Da magariba kuwa sai a shimfiɗa tabarma a gaban sikeli, a jere galan-galan da kwalabe, ga zoɓo, ga kunun zaƙi, ga tsamiyar Baba, duk da sanyinsu har suna raɓa. Nakan zauna a gefe in sha rabona.

Ran goma ga azumi, wata Laraba, na duba geji da safe na ga allura ta sauka. Na ɗauki ruwan sabulu na tafi gwiwar nan kai tsaye, na shafa, na jira. Ba kumfa. Na sake shafawa. Shiru. Na bi duk sauran haɗe-haɗen ɗaya bayan ɗaya, kowanne lafiyarsa ƙalau, amma gas na tafiya.

Kafin azahar manaja ya ga ma'aunin sanyin da ke jikin ƙofa, ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na yi magana da wani makaniki a Kano, zai zo ran Litinin. Ka riƙe ɗakin zuwa lokacin, sannan ka haɗa kayan aikinka."

"Yallaɓai, wannan karon ba daga haɗin ba ne."

"Daga ina ne?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya mayar. Na fito.

Saura wuri ɗaya da ban duba ba, lungun da ke tsakanin bayan ɗakin sanyi da katanga. Matsattse ne, sai mutum ya bi ta gefe yake shiga. Tun da na shimfiɗa bututun ban sake leƙa shi ba, don a can bututun miƙaƙƙe ne, guda ɗaya, ba haɗi ko ɗaya, ni kuma a kaina na riga na yanke cewa yoyo a haɗi yake zama. Kuskurena ke nan, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ɗauki gwangwanin sabulu na kutsa.

Abin da na fara gani kiyashi ne. Layi guda sun taso daga ƙasa, sun hau bango, sun shige ƙarƙashin soson bututu. Na tsaya ina kallonsu. Me kiyashi zai nema a jikin jan ƙarfe mai ƙanƙara? Da na matsa sai na ga an tsaga soson a tsaye, tsawon kamu uku, an mayar an ɗaure shi tsaf da yankakkiyar robar tayar keke, ɗauri mai kyau irin na mutumin da ba ya son ɓarna. Maƙalai biyu na ƙarfe da na kafa don su riƙe bututun a jikin bango babu su a wurinsu. Na waiga na gan su rataye a kan ƙusa, kusoshinsu kuma a cikin gwangwanin madara, an rufe da leda kada su yi tsatsa.

Na kwance robar na buɗe soson. Wani tsami ya bugi hancina, tsamin da na sani sarai. Bututun da na bari ja yana sheƙi ya koma kore, yana danƙo. A jikinsa ga zobba-zobba inda waya ta ci ta yi rami. Na shafa sabulu, kumfa ta tashi a wuri uku.

Na zauna a ƙasa a lungun nan, komai ya fito mini fili. Wani ne ke buɗe soso yana ɗaure kayan sha a jikin bututun da waya don su yi sanyi. Ya cire maƙalai don su ba shi wuri. Bututun da ba maƙali kuwa, ga nauyi a rataye, duk girgizar da inji ya yi sai ya yi ta lilo. Jan ƙarfe yana da laushi, amma in ana lanƙwasa shi gaba da baya sai ya taurare ya tsage, kamar yadda ake karya waya da hannu. Lilon nan kuma a gwiwa yake ƙarewa, inda waldata ta riƙe gam ta ƙi motsi, sai gefenta ya ba da kai. Ashe ƙarfin haɗin ne ya sa tsagar take zuwa kusa da shi. A nan cikin lungu kuma waya tana goga, tsami yana ɗiga daga murafen da ba su rufu sosai ba, danshi yana kwana a ƙarƙashin soso, su uku suka taru suka huda ƙarfen.

Na san ko wane ne, ɗaurin robar kaɗai ya isa. Amma na ƙi fita, na jira. Ana idar da sallar la'asar sai ga Baba ya kutso ta gefe, galan biyu a hannu ɗaya, kwalabe a cikin buhu a ɗayan, waya a naɗe a wuyan hannunsa. Ya gan ni ya yi murmushi.

"A'a, Injiniya, kai ma ka gano wurin?"

Abin da na yi ba na alfahari da shi. Na tashi na zazzaga wa dattijo mai azumi masifa. Na ce ya kashe ni, ya zubar mini da mutunci, wata shida ina zargin hannuna ashe shi ne. Na nuna masa kumfar, na nuna masa ramukan. Ya ajiye kayan a hankali, ya duƙa ya dubi bututun.

"Wanga ɗan ɗaurin shi ya yi haka?"

"Shi ne, Baba! Wa ya ce ka taɓa? Wa ya ce ka cire maƙalai?"

"Galan na ba ya zama sai da na cire su. Amma ga kusoshinka nan na aje maka, ko ɗaya bai ɓace ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ni dai na ga sanyi na zuba banza a lungu, ba mai shi. Na ce mi za a yi da shi in ba a sha ba?"

Na ce masa ran Litinin za a sallame ni a kan wannan. Wallahi bai sani ba. Ya ji ana cewa inji na ba da wahala, amma bai taɓa haɗa wahalar inji da galan ɗinsa ba. Ya zauna a gefen buhun, ya riƙe kai, yana salati a hankali. Fushina ya tafi gaba ɗaya, sai tausayi da wani sabon tsoro. In na faɗa wa manaja gaskiya na tsira, amma tsohon nan fa? Kuma ni da nake ta ihu, kofi nawa na sha daga wannan bututun?

"Baba, bari in je ni kaɗai. Zan san yadda zan faɗa."

"A'a. Ni na ɗaura, ni ka faɗi. Tashi mu tai."

Manaja ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce sai ya gani da idonsa. Lungun bai karɓi babbar riga ba, dole ya tuɓe ta ya ba ni na riƙe, ya shiga ta gefe daga shi sai 'yar ciki, yana jan tumbi. Na nuna masa komai daga bayansa, na yi bayani dalla-dalla. Ya duba kumfa, ya duba gwangwanin kusoshi. Sai idonsa ya sauka a kan buhun da Baba ya bari. Wata babbar kwalba mai jan murfi ta leƙo daga ciki, cike da zoɓo. Duk kamfanin mun san kwalbar nan, da ita yake sauka daga mota kowace safiya tun da aka fara azumi.

Ya daɗe yana kallonta.

"Baba, nan kake sa mini ita?"

"Nan na, ranka shi daɗe. Tun azumin bara. Taka ma ita nika ɗaurawa ta fari, don ta fi samun sanyi."

Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Manaja ya fito daga lungun, ya karɓi rigarsa ya sa, ya kaɗe hannu, ya ce mu biyo shi. A ofis ya buɗe fayil ya zaro takardar gargaɗin nan, da wata sabuwa da aka riga aka buga wadda ban kai ga gani ba, ya haɗa su ya yaga biyu, ya sake yagawa.

"Injiniya, na ɗora maka laifin da ba naka ba, ga shi har da bakina a cikin masu laifin. Ka yafe mini, don Allah, kada in kai azumin nan da haƙƙinka."

Na ce na yafe. Ya juya ga Baba, wanda ke tsaye yana murza hula.

"Kai kuma, daga yau ko inuwarka kada ta shiga lungun nan. Akwai mataccen firji a sito, in Injiniya ya sami sarari ya duba muku shi."

Ban san lokacin da na iso gida ba. Tun daga ƙofa na fara ba matata labari, ina yi ina dariya, ina kwaikwayon yadda manaja ya ja tumbi. Ita ba ta yi dariya ba sai da na gama. Ta kama hannuna na dama ta juya shi, ta duba, ta sake shi, ta ce in je in wanke, tuwo na hucewa.

Washegari da sassafe na kulle gas a cikin inji, na yanke ruɓaɓɓen wurin, na auna sabon bututu. Haɗi biyu zan yi a cikin matsattsen lungu, a tsugune, gwiwar hannuna na gogar katanga. Na kunna wuta na kusanto ƙarfen ina jiran rawar nan ta zo. Ba ta zo ba. Jan ƙarfe ya yi ja, dalma ta narke ta zagaye haɗin da kanta, sumul, yadda ta saba yi mini shekara goma sha ɗaya. Na yi na biyun. Na mayar da maƙalai da kusoshin da Baba ya adana, kuma gaskiyarsa, ko ɗaya bai ɓace ba. Na naɗe sabon soso, na cika gas, na shafa sabulu ko'ina har sau uku. Kafin la'asar allura ta tsaya inda ya kamata, ɗaki ya koma busa sanyinsa. Ina tsaye gaban geji ni kaɗai na ji hawaye na zubo mini, na bar su suka zuba.

Firjin sito sai bayan kwana huɗu na tashe shi, saboda haka a ranar ba wanda ya sami sanyi. Da aka kira magariba aka shimfiɗa tabarma kamar kullum, aka jere galan-galan da suka wuni a inuwar sikeli. Na tsaya daga nesa ina goge kayan aiki, don kunyar abin da na faɗa wa Baba jiya ba ta sake ni ba. Sai na ji muryarsa.

"Injiniya, zo ka sha ruwa."

Na je na durƙusa a gefensa na ce ya yafe mini tsawar da na yi masa. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya cika kofi har baki ya miƙo mini.

"Sai haƙuri, ɗana, yau babu sanyi."

Na karɓa da hannun dama, cike taf, ko ɗigo bai zuba ba. Tsamiyar da ɗuminta, cittar har tana ƙona maƙogwaro. Na shanye na miƙa masa kofin ya ƙara.